Shugaban da Ya Ci Tuwo a Gaban Surukinsa

Duk ɗalibin da ya sauka Alƙahira a shekarun 1980 da wandon da ya yi masa yawa ko rigar da ta yage a hanya, kafin ya san ƙofar aji ya san shagon Malam Gidaɗo. Shagon yana Hayyus Sabi'i, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da dafaffen wake da mai gyaran risho. Babu allo a ƙofarsa. In ka ce tela kake nema, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Shugaba, mai waken ma zai nuna maka da ludayinsa ba tare da ya ɗago kai ba.

Abin dariyar shi ne, a lokacin da ake kiransa Shugaban nan ba ya shugabancin komai sai keken ɗinkinsa. An daɗe da sauke shi. Amma in tsofaffin ɗaliban Misira suka haɗu a Kano ko a Maraɗi, kafin shayi ya nuna an tayar da gardamar: shin wa'adi na biyu na mulkin Gidaɗo, bayan yaƙin basasar Hausawan Alƙahira, na zaman lafiya ne ko kuwa? Wasu su ce ba a taɓa yin irinsa ba, wasu su ce abin kunya ne tun daga farkonsa har ƙarshe. Dukkansu kuwa suna wurin aka yi.

Gidaɗo mutumin Ƙaura Namoda ne, ɗan tela jikan tela. Da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke sai ya shiga soja, ba don jarumta ba, don an ce ana neman masu ɗinki. Ya yi shekarun yaƙin yana bin bataliya da kekensa a bayan mota, yana facin kaki da tanti, wani lokaci kuma yana haɗa likkafani. Bai taɓa harbin kowa ba, amma ya ga abin da harbi ke yi, ya gani har ya ishe shi. Ya fito daga yaƙin da aƙida guda tak wadda ya riƙe da hannu bibbiyu: abin da yake ɗaya ba a raba shi, komai zai faru. Aƙidar nan ita ce alherinsa, ita ce kuma ta jawo masa duk wahalar da za a ji.

Da aka sallame shi sai ya ce karatu zai yi. Ya zo Misira a 1971, gemu ya riga ya cika masa fuska, ya zauna cikin yara ana karanta nahawu. Nahawu ya yi masa kallo ɗaya ya ce ba su dace ba. Gidaɗo ba mai jayayya da gaskiya ba ne. Ya rufe littafi, ya nemi tsohon keken ɗinki, ya koma sana'ar ubansa, ya bar neman ilimi ga zauren masallacin Azhar ranar Juma'a, inda ake sauraro ba a jarrabawa. A nan ya haɗu da Alhaji Yakuba, mutumin Maraɗi, mai safarar turare da littattafai, wanda ya zauna a Ardul Liwa tun unguwar tana gonaki da shanu. Alhaji ya ga tela mai sallah, mara surutu, ya yi masa tayin 'yarsa Kulu. Da aka tambayi Kulu ba ta ce a'a ba, ta dai ce tsayinsa ya yi yawa.

Irin kunyar surukin da Gidaɗo ya yi, ko a gida ba kowa ke yin ta ba. In ya hango Alhaji a titi sai ya cire takalmi ya tsuguna a gefen kwalta, Misirawa na kewaye shi suna tsammanin wani abu ne ya faɗi masa. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. In ya je gaisuwa aka fito da abinci, nan take zai tuna da wani ɗinki na gaggawa da ya bari a shago.

A zamanin Hausawan Alƙahira ƙungiya ɗaya gare su, Zumunta ake ce mata, ta haɗa ɗalibai da 'yan kasuwa, na Najeriya da na Nijar. Ba ta mallaki wani abin a zo a gani ba: gidan haya a hawa na uku a Hayyus Sabi'i inda baƙo ke sauka kafin ya sami wurin kansa, da manyan tukwane, da tabarmi, da farantai. A nan ake suna, a nan ake zaman makoki, a nan ake cin naman Sallah. A 1975 aka zaɓi Gidaɗo shugaba, domin ɗan Najeriya ne mai auren 'yar Nijar, kowa na ganin nasa ne.

Yaƙin daga bakin Nata'ala ya fara. Lokacin Najeriya na iyo cikin arzikin mai, ɗalibanta na yawo da rediyo mai kaset da agogon hannu, Nijar kuwa ba ta gama farfaɗowa daga farin da ya cinye mata dabbobi ba. Ranar Babbar Sallah ta 1977 ragunan na 'yan Najeriya ne. Kowa ya san haka, ba kuma wanda ya faɗa sai Nata'ala, wani ɗalibi Bakano mai kaifin ƙwaƙwalwa da sakakken baki. Shi ke rabon nama. Ya zo kan farantin 'yan Nijar ya ƙara musu, ya ɗaga murya yana dariya.

"Ku ci, 'yan'uwa, ku ci! Rabonku da ganin mai ƙafa huɗu tun kafin fari."

Wasa ya nufa, har gobe yana rantsuwa wasa ya nufa. Amma cikin masu zaman akwai Lawali, ɗalibi daga Tawa, wanda ubansa ya shiga farin da garke ya fito da sanda. Lawali ya ajiye tsokar da ke hannunsa. Alhaji Yakuba ya dubi tasa, ya mayar da ita faranti. Ɗaya bayan ɗaya 'yan Nijar suka miƙe, suka wanke hannu, suka sauka matakala. Bahaushe zai jure yunwa, zai jure duka, amma gorin abinci ba ya narkewa a cikinsa. Kafin mako ya zagayo suka aiko cewa sun kafa tasu ƙungiyar, a raba tukwane da tabarmi.

Da Gidaɗo ya kama kunnen Nata'ala ya kai shi ya ba da haƙuri, da an kashe wutar tun tana ƙarama. Amma kalmar "a raba" ita ta shiga kunnensa ta toshe sauran. Ya ce ko cokali ba za a raba ba. Ya sauya kwaɗon ƙofa, ya gaya wa bawwab, wato mai gadin benen, cewa kada ya bar kowa ya fita da tukunya.

Ranar da Lawali ya zo da mutanensa ɗaukar rabonsu aka yi abin da har yau ake jin nauyin faɗa. Mahaddata Alƙur'ani suka cakumi juna a matakala, huluna na gangarowa tun daga hawa na uku. Matan Misirawa suka leƙo ta tagogi suna ihu, "Sallu alan Nabi, ya jama'a!" ba wanda ya saurare su. Murfin tukunya ya sami Lawali a baki, haƙorinsa na gaba ya riga shi barin duniya. 'Yan sanda suka zo suka kwashe kowa. Mai gidan ya je ya ce shi Gidaɗo ya sani, aka sako mutanen Gidaɗo, sauran suka kwana a can. Daga ranar ba mai gidan da ya yarda ya ba 'yan Nijar hayar wurin taro. Suka koma rufin benen Alhaji Yakuba a Ardul Liwa, tsakanin igiyoyin shanya da ɗakin tattabaru.

Haka aka shafe fiye da shekara. A haɗu a motar bas, kowa ya kalli tagarsa. A yi haihuwa a wannan ɓangare, wancan ya ji a bakin Misirawa. Alhaji Yakuba ya aika wa 'yarsa da magana ɗaya, kuma da rantsuwa ya aiko ta: mace tana inda mijinta yake, kada ta tako gidansa sai ranar da Hausawan garin nan suka sake zama a tabarma ɗaya. A cikin yaƙin Kulu ta haifi ɗanta na biyu, uwarta Hajiya Murja ba ta zo wankan jego ba. Maƙwabciyarsu Bamisira, Ummu Sabri, ita ta riƙa dafa mata ruwa. Kulu ba ta taɓa yi wa mijinta ƙorafi ba, sai dai ya kan same ta tsaye a baranda tana kallon wajen yamma, shinkafa na ƙonewa a bayanta.

Da wa'adinsa ya cika, waɗanda suka rage suka sake zaɓensa da kabbara. Me zai hana? Ga gida a hannunsu, ga tukwane, ga tabarmi, 'yan tawaye kuwa na can kan rufi suna shan rana. Nata'ala har da yi masa kirarin sarkin yaƙi. Gidaɗo ya miƙe zai yi godiya, ya ga rabin tabarmin a naɗe a jikin bango, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya hana a raba tukunya, ga shi ya raba mutane. Ya tuna maganar da ya ji a rediyon soja bayan an gama yaƙi a gida, cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya maimaita musu ita. Aka tafa masa, domin wanda ya ci ba ya jin nauyin faɗin haka. Shi dai ya ƙudura a ransa cewa wa'adin nan ba zai ƙare ba sai ya mayar da mutanen nan ɗaki ɗaya.

Sai dai da kuskure ya fara. Da Sallah ta zagayo ya zaɓi cinyar rago mafi kitse ya aika Ardul Liwa. Motar da ta kai ta ita ta dawo da ita. Ya aika a ce musu tukwanen na nan, duk mai biki ya zo ya ara. Suka ce sun gode, na maƙwabta sun ishe su. Ya zauna ya ɗinka wa Lawali babbar riga, ya yi mata aikin da bai taɓa yi wa kansa ba. Ta dawo a linke yadda ya linke ta.

Wata rana da hantsi ya zauna yana kallon rigar, Kulu na tsince shinkafa a faifai.

"Kulu, mutanenku wane irin taurin kai gare su? Na ba su nama, sunka maido. Na ba su riga, sunka maido. Mi za ni ba su kuma?"

Ba ta ɗago kai ba. "Malam, da mi anka soma faɗan nan?"

"Da nama."

"Da gorin nama. Kai kuma kullum sai ka ƙara aika musu abin da za a yi musu gori da shi gobe. Kun ci yaƙi, kun riƙe tukwane, yanzu kuma ku ne masu kyauta, su ko kullum su ne masu miƙa hannu. Ni ɗiyarsu ce, na san abin da ke cin su. Kowace Juma'a Inna na tuƙa tuwo, jama'a na ci a bisa rufin can. Wane ɗan Najeriya ya taɓa nuna nasu ma na ciwuwa?"

Gidaɗo ya ajiye rigar ya dube ta.

"Kina nufin in tahi in ci? A gaban Baba? Kulu, kin ko san abin da kike faɗi? Ni da ko ruwa..."

"Ni ban ce komi ba," in ji ta. "Ɗinka musu wata rigar, shi ke nan."

Ba ƙaramin kaya ta ɗora masa ba. Wanda bai san mu ba zai ce ai cin tuwo ne kawai. Amma mutum ya je gidan surukinsa ba a kira shi ba, hannu rabbana, ya zauna ya wage baki ya sa loma tsohon na kallo, a garin su Gidaɗo wannan abu ne da ake yi wa mutum waƙa da shi har jikokinsa su ji. Ya yi kwanaki yana juya maganar, yana ɗinka aljihu a inda ba a sa aljihu, yana farkewa. Ya nemi wata hanyar ta ko'ina, bai samu ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya hau bas, rabin jikinsa a waje kamar yadda ake hawan motar Alƙahira, ya sauya wata a tsakiyar gari, ya sauka ya tsallaka layin dogo ya shiga Ardul Liwa. A bakin layin akwai masu lemo da ayaba. Hannunsa ya riƙa ƙaiƙayi ya sayi ko ɗan lemo ne na tsaraba, domin ƙafarsa ba ta taɓa taka gidan nan ba tare da ƙunshi ba. Ya cusa hannuwan biyu cikin aljihu ya wuce.

Da kansa ya ɓullo daga matakala, hirar da ake a kan rufin ta mutu. Mutane na zaune ƙungiya-ƙungiya a kan farantai: tuwon masara ne da miyar lalo, wadda Misirawa ke kira mulukiya, da 'yan ƙasusuwan raƙumi daga kasuwar Imbaba. Ya yi sallama. Alhaji Yakuba kaɗai ya amsa, shi ma don wajibi. Gidaɗo ya ɗauki buta ya wanke hannu. Bai nufi farantin ɗalibai ba, ya nufi na dattawa, na Alhaji kansa, ya tsuguna.

"Mi ya kawo ka?" in ji Lawali, iska na fita ta giɓinsa.

Gidaɗo bai dube shi ba. Ƙasa ya duba ya ce, "Baba, yunwa ta kawo ni."

Ya yi bismillah ya yanki loma. Miya ta ɗiga masa a riga. Dattawan suka janye hannuwansu. Alhaji ya kau da kai, kunyar da surukin ya ƙi ji ita ta koma kansa. Korar mutum daga kan abinci kuwa, ko maƙiyinka ne, ba a yi, don haka ba wanda ya iya cewa tashi. Gidaɗo ya ci shi kaɗai, gumi na bin gemunsa, ba ka jin komai sai kukan tattabaru. Ya cinye gefensa tas, ya suɗe yatsu, ya ce, "Allah shi saka da alheri, Allah shi ƙara buɗi." Ya miƙe ya sauka. A ƙasan matakala ya zauna ya daɗe kafin ya nufi tasha.

Juma'ar da ta biyo ya dawo. Wannan karon Lawali ya shirya masa: ya sa an juye yaji a gefen da ya zauna wancan makon. Gidaɗo ya ci, hawaye da majina na gasar sauka, ya roƙi ruwa ya sha a gaban Alhaji, ya ci gaba. Ya dawo cikin sanyin Alƙahira mai shiga ƙashi, ya dawo cikin zafin da ke narka kwalta. Ranar da tuwo bai isa ba ya ci burodi da miya, ya yi godiya iri ɗaya. Bai taɓa ɗauko maganar sulhu ba, bai taɓa zuwa da ko ƙwayar dabino ba.

Labari kuwa ba ya buƙatar kuɗin mota. Nata'ala ya same shi a shago, ɗalibai a bayansa.

"Ranka ya daɗe, wai da gaske ne abin da muke ji? Shugabanmu guda yana bin rufin mutane yana kwaɗayi? A gaban surukinka? Haram alaik, ka zubar mana da mutunci a garin nan!"

Gidaɗo bai tsayar da keken ba. "Tuwon na da daɗi, Nata'ala. Ka zo mu tahi wata Juma'a."

Daga nan zaman lafiya ya yi masa sallama. Aka sa masa suna Shugaban Akushi. In ya shigo taro sai wani ya tambaya ko an tanadar masa cokali. Ɗalibai suka kwashe ɗinkinsu suka kai wa wani tela Basudane. Taron Zumunta ya koma filin ihu, ba a tashi sai an riƙe wani. Kada a ɗauka abin bai dame shi ba. Mutum ne mai son a girmama shi, yana jin daɗin a miƙe in ya shigo, kuma kowace dariya da aka yi a bayansa sai da ta sauka a zuciyarsa. Yana cin tuwon mutane yana ramewa. Amma in Juma'a ta zo sai ya sa hularsa ya nufi tasha.

Rannan kansa na ɓullowa daga matakala sai Lawali ya ɗaga murya.

"Jama'a, kowa shi ɓoye kwanonsa! Ga arzikin man fetur ya iso!"

Rufin ya ɗauki dariya. Wani ya ce a ƙara ruwa a miya, babbar ƙasa ta zo. Wani ya ce ashe mai ba ya shawuwa. Gidaɗo ya tsaya da buta a hannu, daɗi ya rufe shi irin wanda bai ji ba ko a ranar da aka yi masa kabbara. Gori suke yi masa, kuma shi ne abin da ya daɗe yana jira. Ranar ba wanda ya janye hannu daga faranti. Ana tsakiyar ci Alhaji Yakuba ya dubi ɗakin tattabaru, kamar da su yake magana.

"Wai ita ɗiyar tawa ba ta girki ne, da mijinta ke yawon gidajen mutane?"

"Tana yi, Baba. Ba ta dai kai Inna ba."

Daga ƙasan matakala aka ji dariyar Hajiya Murja ta kuɓuce kafin ta toshe baki. Alhaji bai yi dariya ba, amma ya sa yatsa ya turo ƙashi mai ɓargo gefen surukinsa.

Sai dai rantsuwar tsoho na nan inda take. Da aka watse Gidaɗo ya tari Lawali a bakin ƙofa, ya ce lokaci ya yi da za su dawo ɗakin Zumunta. Lawali ya taɓa giɓinsa da harshe.

"Malam Gidaɗo, ka ci namu, mun gani, mun kuma ji daɗi. Amma ɗakin da anka hidda mini haƙori, ba ni shiga shi kana shugaba."

Gidaɗo ya dawo gida ya san farashin abin da yake nema. Bai daɗe yana jira ba, domin a can Hayyus Sabi'i ma an gaji da shi. Nata'ala ya zo da tawaga, suka ce ya sauka da kansa, girma da arziki.

"Ba ni sauka," in ji shi. "In kuna son ku sauke ni, ku bi ƙa'ida."

Ƙa'idar kuwa tsohuwa ce, tun daga waɗanda suka kafa Zumunta: ba a sauke shugaba sai 'yan Najeriya da 'yan Nijar sun zauna tare sun ɗaga hannu. Nata'ala ya yi ta zarya yana neman hanyar kewaye ta, dattawa suka ce babu. Fushi ya ɗauke shi har Ardul Liwa. Da ya hau rufin zai fara bayani, Alhaji Yakuba ya ce a nan ba a magana sai an ci. Nata'ala ya tsuguna ya ci tuwon masara da ƙashin raƙumi, kuma da yake ba wawa ba ne, kafin ya wanke hannu ya ba da haƙurin da ya kamata ya bayar tun shekara uku da suka wuce.

Aka sa ranar taro. Gidaɗo da kansa ya buɗe ɗakin da sassafe, ya share, ya warware tabarmin da ke jikin bango, ya kakkaɓe ƙurarsu. Bayan azahar suka fara hawowa, mutanen Maraɗi da na Tawa da na Damagaram, suna kallon bangon da suka daɗe ba su gani ba. Ɗakin ya cika har matakala.

Ya san abin da za a yi, shi ya shirya shi, amma sani daban, ji a kunne daban. Nata'ala ya miƙe ya ce shugaban da ba ya kunyar surukinsa ba zai ji kunyar kowa ba. Lawali ya miƙe ya ambaci kwaɗon ƙofa, da murfin tukunya, da kwanan da suka yi a tsare. Babu ƙarya a cikin ko ɗaya. Gidaɗo ya zauna yana jira ko mutum ɗaya zai tashi ya ce, to amma fa dubi wanda ya tara mu a nan. Ba wanda ya tashi. Da aka ce a ɗaga hannu, ɗakin gaba ɗaya ya ɗaga. Ya saci kallon Alhaji Yakuba. Tsohon ya kau da kai, hannunsa na sama tare da na kowa. Wannan hannun shi ya fi yi masa ciwo.

Ya ciro makulli ya ajiye a tsakiyar tabarma. Nan take aka shiga gardamar wanda zai gaje shi, wani Bazazzage na goyon bayan Lawali, wani Bamaraɗe na cewa sam bai isa ba, murya na hawa kan murya. Ba wanda ya lura da lokacin da ya nemi takalmansa cikin tarin takalman ya sauka.

Ya taka zuwa gida da la'asar, zuciyarsa a cunkushe. Mutum ɗaya ce a duk faɗin Alƙahira da yake son ya gaya wa yadda aka yi, domin ita kaɗai za ta gane. Ya hau benensu bai ji ƙanshin girki ba, bai ji hayaniyar yara ba. A bakin ƙofa ya tarar da Ummu Sabri tana jiransa, tana murza hannuwa, idanunta cike da tausayi.

"Ya usta, gwanin ɗinki, ma'alish, ka yi haƙuri da abin da zan gaya maka. Matarka ta kwashi yara da ƙunshin kayanta, ta ce in faɗa maka ta tafi gidan ubanta."

"Yaushe?"

"Tun bayan azahar. Tana tsaye a baranda, ta hango wasu mutane sun sauko daga bas sun shiga gidan taronku, sai kawai ta hau ɗaure kaya, ko mayafi ba ta gama yafawa ba ta fita. Ban san me ka yi mata ba, ban kuma tambaye ka ba. Aure ya gaji haka."

Gidaɗo ya zauna a kan matakala. An zauna a tabarma ɗaya, rantsuwar tsoho ta warware, ita kuwa ko tsayawa jin yadda aka ƙare da shi ba ta yi ba. Dariya ta taso masa daga ciki, ya yi ta yi har ta rikiɗe ta koma kuka, yana faɗin alhamdulillahi a tsakani. Ummu Sabri ta ja baya kaɗan, ta tabbata baƙin ciki ne ya taɓa masa hankali.

"Kada ka damu," in ji ta a hankali. "Yanzu zan sa maigidana ya je ya ba su baki, kafin magariba ta dawo ɗakinta."

Ya share fuska da hannun riga, ya girgiza kai.

"A'a. Kada kowa ya je. A bar ta ta kwana."